Wasan Kwaikwayo a Bakin Kacala

Daga tashar Yankaba na shiga motar Haɗeja da sanyin safiya, hunturu ya fara kankama. Duk wanda ya saba yin gabas ya san hanyar: Gezawa, Ringim, Taura, sai Gujungu inda titi ya rabu, wani ya yi Gumel, wani ya miƙe Haɗeja. An gama girbi, gonaki sun yi fayau, ba ka ganin komai sai karan dawa tsibi-tsibi da amalanken shanu ɗauke da buhuna. Ba fatauci ne ya fito da ni ba, ba kuma biki ba. Wani abokina malamin makaranta ne ya ba ni labarin wasu mutum tara a ƙasar Auyo da suka haɗu suna wasan kwaikwayo, suka kuma gindaya wa kansu sharaɗi mai wuya: ba sa yin wasan da wani ya taɓa yi, nasu ma idan shekara ta zagayo sun ajiye shi ke nan. Kowace kaka da sabon wasa, kowane wasa da salon da ba su taɓa gwadawa ba. Ya ce in har zan zo, in daidaita tafiyata da farin wata, don da hasken wata suke aiki.

Na sauka Haɗeja wajen azahar, na ci tuwon shinkafa da miyar kifi a bakin kasuwa, sannan na hau babur. Da muka bar kwalta muka gangara fadama, sai na fara ganin abin da na sha ji a rediyo. Kacala. Ciyawa ce doguwa, ta fi mutum tsayi nesa ba kusa ba, ta tsaya cunkus iyakar ganinka, ko akuya ba za ta ratsa ta ba. Ɗan acaɓan da ya ɗauko ni ya rage gudu, ya nuna mini wani wuri da haɓa.

"Malam, ka ga nan? A nan mahaifina yake jefa birgi. Da jirgi ake wucewa. Yanzu ko wuta ka sa mata, kafin ka juya ta dawo ta fi da."

Tarihin wannan ciyawa a haɗe yake da ruwan da muke sha a Kano, shi ya sa ban iya kallonta a matsayin matsalar wasu can ba. Kogin Haɗeja daga kogin Kano da na Challawa yake samun ruwansa. A da, damina ce ke cika shi ya malala cikin fadamu, rani ya zo ya janye, ƙasa ta bushe ta tsattsage. Manomi ya bi sawun ruwa ya shuka, masunci ya kama kifin da ya rage a tafkuna, makiyayi ya kawo shanu su ci sabuwar ciyawa, kowa da lokacinsa. Sai aka gina madatsar Tiga a 1974, aka gama ta Challawa a 1992. Madatsun nan sun shayar da birnin Kano, sun raya noman rani a Kura da Kadawa, babu mai musun alherinsu. Amma sun sauya ɗabi'ar kogin. Malalar damina ta ragu, ruwa kaɗan-kaɗan kuma ya riƙa gudana har cikin rani. Abin da kacala ke so ke nan, ƙasar da ba ta bushewa. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta sa wani gari ya nutse wani kuma ya rasa, ta cinye gonaki da wuraren su da mashaya, ta zama masaukin jan-baki, tsuntsayen da ke sauka a gonar shinkafa su bar manomi da kara. Idan ƙasa ta ƙuntata, mutanen da suka saba karɓa-karɓa sai su haɗu a wuri ɗaya a lokaci ɗaya. A yankunan Guri da Kirikasamma an sha zubar da jini a kan haka.

A kan wannan magana wasan bana yake.

Na same su a wani ajin firamare bayan an tashi yara, an jingine bencina jikin bango. Wanda abokina ya haɗa ni da shi mutum ne siriri mai furfura tsilli-tsilli, kowa Malam yake ce masa. Ya yi karatun wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello, ya dawo gida yana koyarwa. Da na tambaye shi ko shi ne shugaba, sai ya ce shi dai ya girme su ne. Akwai mai gyaran injin ban ruwa, akwai mai cajin waya, akwai ɗan gidan masunta, da wani saurayi Bafillace da ke kiwon shanun gidansu. Mata biyu ne, tela guda wadda mijinta ne makaɗinsu, da wata ma'aikaciyar ƙaramin asibiti. Na taransu ɗalibin sakandare ne, shi ne auta.

Ba su da jarumi, ba su da jaruma. Wanda ya fito a attajiri yau, gobe shi ke ɗaukar tabarmi, kuma dole kowa ya iya fitowa a kowa. Marubuci ma ba su da shi. Da zarar ruwa ya ɗauke sai su bazu, wani teburin mai shayi, wani bakin mashaya, wani wurin masu banda, matan su shiga gidaje. Ba takarda suke ɗauka suna tambayoyi ba, zama suke yi a sha hira da su. Da yamma a haɗu a ajin nan, kuma doka ce ba a ba da labari da baki. A gabana Malam ya katse autan yana tsakiyar bayani.

"Kada ka faɗa mana abin da tsohon ya ce. Tashi ka zama tsohon."

Yaron ya tashi, ya ranƙwafa, ya dafe ƙugu, murya ta sauya. Sai ga dattijo a gabanmu yana lissafa da yatsu kifayen da ya daina gani a komarsa. Daga irin waɗannan guntaye ake gina wasan, kuma abin da ake zubarwa ya fi abin da ake riƙewa yawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a gwajin ranar shi ne wanda ya gudana tsakanin mai gyaran inji da Bafillacen nan. Mai gyaran inji ne zai fito a makiyayi a wani sashe. Daga baya na ji cewa ya daɗe yana ƙi, domin shanu sun taɓa cinye gonar wansa ana gab da yankan shinkafa. Ya ɗauki sanda ya yi mata riƙon mai shirin duka. Saurayin ya zo ya karɓe ta a hankali.

"Yaya, ba haka ba. Wanda ya wuni yana tafiya ba ya riƙe ta haka."

Ya gicciya masa ita a kafaɗa, ya rataya masa hannuwa a kai, ya ce ya yi ta zagaya ajin har sai ƙafarsa ta yi nauyi. Ya koya masa yadda ake kiran saniya da sunanta, da yadda ake gane ƙishirwa ta kama garke tun ba su fara kuka ba. Can sai aka juya, mai gyaran inji ya shiga koya masa yadda manomi ke tsugunawa ya murza zangarniya a tafin hannu, yana lissafin bashin taki da na fetur a zuci. Ba wanda ya yi dariya. Na sha ganin gwajin wasa a birni, amma ban taɓa ganin inda shiga rigar wani ya yi wa mutum nauyi irin wannan ba.

Da dare a teburin mai shayi na tambayi Malam inda suka samo wannan salo. Ya faro daga Zariya. A tsakiyar shekarun 1970 aka gina dandalin wasa na ginin ƙasa a Samaru, da zagayayyun ɗakuna irin na gidan Bahaushe, kuma a zamanin wani malamin wasan kwaikwayo na jami'ar, Michael Etherton, malamai da ɗalibai suka fara fita ƙauyuka suna haɗa wasa a kan rayuwar manoma, Soba a 1977, daga baya Maska da Bomo. Ya ambaci Augusto Boal na Barazil, wanda ya shahara da dabarar tsayar da wasa a tsakiya, a ce wa ɗan kallo ya shigo ya gwada tasa mafitar. Ya ambaci Kamirithu a Kenya, inda manoma da ma'aikata suka gina dandali da hannunsu, suka yi wasa da harshensu tare da marubuci Ngugi wa Thiong'o a 1977, aka tsare shi kusan shekara guda, aka rushe dandalin a 1982.

Makaɗin, wanda tun ɗazu yake shiru yana juya shayinsa, ya ɗago kai.

"Malam, kai a littafi ka ga wannan. Ni a kalankuwa na gan shi."

Kuma gaskiyarsa. A kalankuwa samari ke naɗa gwamnansu da alƙalinsu da 'yan sandansu bayan girbi, a kafa gari guda na kwaikwayo, duk wanda ya shigo ya zama ɗan ciki, yana iya tsintar kansa a gaban alƙali ana yanka masa tara. A tashe, daga goma ga azumi, yara ke manna gemun auduga su bi gida-gida suna faɗa wa manya abin da ba a faɗa musu ido da ido. A wasan gauta matan fada ke kwaikwayon sarki da hakimansa. Ga 'yan kama a kasuwa. Babu ɗayansu da ke buƙatar labule ko dakali. Abin da manyan biranen duniya ke kira sabon salo, wato a daina raba mai wasa da mai kallo, mu a nan ba mu san rabuwar ba sai da makaranta da talabijin suka zo. Ƙungiyoyin wasan daɓe da suka cika Kano a da kuwa, tun da 'yan ƙungiyar Tumbin Giwa suka fitar da fim ɗinsu na bidiyo a 1990, kyamara ta janye mafi yawansu. Ban ga laifin fim ba, ina kallo ina kuma jin daɗi. Amma fim an riga an gama shi kafin ya iso gare ka.

Malam ya yi shekaru yana wasannin faɗakarwa, irin waɗanda ƙungiyoyin agaji ke ɗaukar nauyi: rigakafi, wanke hannu, sa yara makaranta. Bai raina su ba, ya ce sun yi amfani sosai. Abin da ya gajiyar da shi, kullum akwai jahili ɗaya da wayayye ɗaya, kuma tun ba a buga ganga ba kowa ya san wanda zai tuba a ƙarshe.

"Mutane su tafa mana don kara, su kakkaɓe riga su tafi. To a maganar kacala wa zan nuna a jahili? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk wanda zai zauna a tabarma gobe ya fi mu sanin abin nan."

Washegari da hantsi muka je gaida Bulama, mai garin. Muka zube a zaure.

"Ranka ya daɗe, maganar nan ce da muka yi. Yau ne, idan ka yarda."

Bulama dattijo ne mai sanyin magana. Ya ce ya yarda, amma yana da fargaba ɗaya. Ya aika wa Arɗo, mutanen ruga za su zo, masu gonakin bakin ruwa ma za su zo, kuma rabon da su zauna a fili ɗaya tun kafin damina. Liman da ke gefensa ya kawo nasa sharuɗɗan: a fara bayan isha'i, mata gefe maza gefe, ban da rawar cakuɗa, kada a kama sunan kowa. Malam ya ce sun karɓa. Ya roƙi abu ɗaya, a ba su aron kujerar da Bulama ke zama a kai idan zai yi sulhu. Bulama ya jima yana kallonsa, sannan ya sa aka ɗauko.

Filin gaban makarantar aka share. Babu dakali, babu lasifika. Aka shimfiɗa tabarmi ɓangare biyu, mata a wancan maza a wannan, aka bar hanya mai faɗi a tsakiya, aka rataye fitilun sola biyu a jikin darbejiya su taya wata. Mutanen ruga suka zo suka tsaya can baya, ba su zauna ba. Mai cajin waya ya zagaya yana roƙon kowa ya mayar da wayarsa aljihu.

Ba a yi sanarwa ba. Sauti kawai muka ji, makaɗin ya kife ƙwarya a cikin baho mai ruwa yana bugawa a hankali, irin kiɗan da mata ke yi a gidan biki. Sai ga sauran sun fito daga bayan aji riƙe da wani dogon shuɗin ƙyalle, tsofaffin zannuwa ne telar ta harhaɗa ta rina. Suka shigo da shi ta tsakiya suna kaɗa shi, ya tashi ya sauka, ya malala har kan gwiwoyin 'yan sahun gaba, ya janye. Yara suka ɗauki ihu, "Kogi! Kogi!" Ba wanda ya gaya musu. Sai ɗaya daga cikin masu riƙon ya saki, ya ɗauki karan dawa ya tsaya ƙyam a tsakiyar ƙyallen. Wani ma ya saki. Suka shiga miƙa wa yara kara suna jawo su ciki ɗaya bayan ɗaya, har hanyar ta cika, ƙyallen ya naɗe a ƙafafunsu ya kasa motsi. Kiɗan ya ɗauke. Wata tsohuwa a ɓangaren mata ta ce da ƙarfi, "Wallahi haka ta yi mana."

Ɗan filin da ya rage ba a kafa masa kara ba, a nan aka yi sauran wasan, a takure, 'yan wasan suna gogar juna.

Labarin kansa gajere ne. Wani dare shanu sun gangaro neman ruwa, sun bi ta gonar shinkafa, sun tattake tiyon ban ruwa, sun yaga komar da masunci ya kafa. Shi ke nan. Amma sau uku aka nuna shi. Na farko da idon manomi. Mun gan shi yana cin bashin taki, mun gan shi tun asuba yana korar jan-baki da gwangwani da majajjawa, mun gan shi ya wayi gari ya tarar da gonar kwance. A wannan zagayen makiyayi ba shi da fuska, ya ja malafa ya rufe ido, ko kalma ɗaya bai furta ba. Mazan da ke kusa da ni suna ta gyaɗa kai da tsaki. Na waiwaya, na ga mutanen ruga sun fara juyawa za su tafi.

Sai kiɗan ya dawo. 'Yan wasan suka tsaya a gaban kowa suka yi musayar kaya, manomin ya miƙa fartanya ya karɓi malafa da sanda. Aka koma wannan daren. Yanzu mun bi makiyayi tun safe. Burtalin da ya sani an shuke shi, mashayar da ya sani kacala ta rufe, maraƙi ya faɗi ya saɓa shi a wuya, ƙofa ɗaya ce ta rage zuwa ruwa, ita ce gefen gonar nan, ga duhu, ga ƙarar inji ta firgita wata saniya sauran suka bi ta. Wannan karon manomi ne ba shi da fuska. Da mai gyaran inji ya ɗaga murya ya kira saniyar da sunanta yadda aka koya masa, sai wani daga can baya ya amsa masa da irin kiran, mutanen ruga suka bushe da dariya, suka matso suka tsuguna.

A daidai nan wani saurayi ya miƙe a fusace daga cikin manoma.

"Biyan ku aka yi ku zo ku wanke su?"

Ya fice, abokansa suka bi shi. 'Yan wasan suka tsaya cak har sai da suka ɓace, sannan suka ɗora daga inda suka tsaya. Gabana ya faɗi a lokacin, kuma na san ba ni kaɗai ba ne.

Zagaye na uku na masunci ne, kuma babu magana a cikinsa ko ɗaya, sai motsin jiki da kiɗan ruwa. A jefa, a jawo, babu komai. A sake jefawa. A ganina ya yi tsawo, yara sun fara tsokanar juna, manya sun fara hira ƙasa-ƙasa. Ɗan masuntan ya gaya mini daga baya cewa da gangan suka hana shi baki, domin idan ana sulhu tsakanin mai gona da mai shanu ba wanda ke tambayar mai koma. Dalilin ya gamsar da ni, amma rabin tsawon nan ya isa ya isar da shi.

Sai aka kawo kujerar Bulama aka ajiye a tsakiya, mutum ukun suka durƙusa a gabanta. Malam ya juyo ga jama'a.

"Iyayena, iyakar abin da muka sani ke nan. Ga kujera. Wanda ya san hukuncin ya zo ya zauna."

Har aka tashi ba wanda ya zauna a kanta. Amma bayan shiru mai tsawo, wani dattijo daga mutanen ruga ya ratso, ya yi sallama, ya ce shi ba hukunci ya zo yi ba, gyara ne. Yaran sun yi kuskure, burtalin ba ta nan ya bi ba. Ya sa sandarsa ya ja layi a ƙasa daga gindin darbejiya, ya ce a ɗauka nan ce tsamiya, nan ce tsohuwar rijiya, ta nan mahaifinsa ke bi da shanu. Wani dattijo cikin manoma ya miƙe.

"A'a, Baffa, ka shigo mana. Ta bayan rijiya ya bi."

Ya goge da ƙafa ya ja nasa. Wancan ya ce bai yarda ba. Mutane suka shiga jefo sunayen tafkuna da kududdufai daga zaune, wani ya taso ya ƙara layi, wani ya gyara, har taswirar ƙasarsu ta fito a kan rairayi, irin wadda ba za ka samu a kowane ofis ba. Ɗan masuntan, wanda har lokacin yana durƙushe, ya tashi ya kwaso kara. Sai a nan ya yi magana. Ya nuna wuri ya ce, "Nan fa, Baba?" A ce masa ta cinye, ya ajiye kara a kai. "Nan fa?" Ta cinye. Kafin ya gama, layin dattijon ruga da na dattijon gari duka biyun suna ƙarƙashin kara. Ba su yi musabaha ba, ban kuma ji wani ya ce ya yafe ba. Sun dai tsaya kafaɗa da kafaɗa suna kallon abu ɗaya, Bulama kuma ya ce a haɗu a ƙofar gidansa bayan Juma'a a yi maganar gayyar yashe hanyar ruwa.

Na ɗauka an gama, sai murya ta taso daga ɓangaren mata.

"Ku dakata. Kun nuna mai gona, kun nuna mai shanu, kun nuna mai koma. Wa ya nuna wadda ta ɗora tukunya tana jiran su? Ni banda nake yi tun ina amarya. Yau kifin da nake sayarwa daga wani gari ake kawo mini. Matar rugar da nake sayen nono a wurinta ta daina shigowa gidana tun rikicin bara, kuma ko cacar baki ba mu taɓa yi da ita ba."

Mata suka ɗauka gaba ɗaya, wata ma har da guɗa. Malam ya rusuna.

"Inna, kin kama mu. Ba mu da amsa."

Da haka aka tashi. Autan ya zagaya da faifai, aka samu 'yan canji, da kwanon gero, da ƙullin kifi banda, da safe kuma ƙwaryar nono ta iso daga ruga. Ba sa yankar tikiti. Abin da aka samu a cire kuɗin mai, a raba saura daidai, sauran hidima kuwa karo-karo suke yi daga aljihunsu duk mako. An taɓa yi musu tayin ɗaukar nauyi mai tsoka, amma da saƙon da za a isar a rubuce, suka yi godiya suka ce ba za su iya ba. Maganar waya ma na tambaya, ganin cewa mai cajin waya ne da kansa ke hanawa. Ya ce mutum idan ya san ana ɗaukarsa, ba da maƙwabcinsa yake magana ba kuma. Sannan idan wani ya yanki minti ɗaya daga zagayen manomi ko na makiyayi ya sa a TikTok, ba tare da sauran biyun ba, wasan da aka yi don a zauna tare zai koma abin hura wuta. Ban da abin cewa a kan wannan.

Inda na saɓa da Malam shi ne rubutu. Wasanninsu na shekarun baya duk sun tafi, sai abin da ya rage a kawunansu. Shi yana ganin da zarar an rubuta, wasa ya daskare, gobe wani zai ɗauka ya haddace ya yi wa mutanen da ba nasu ba ne. Ma'aikaciyar asibitin ba ta yarda ba, tana da littafi mai bango ja da take rubuta yadda kowane dare ya kasance, da abin da jama'a suka ce. Ni ina bayanta ƙwarai. Ba kalmomin wasan nake jin tsoron su ɓace ba, hanyar yin sa nake ji. Ga jami'a a Kafin Hausa, ga wata a Dutse, ga Bayero a Kano, cike da matasa masu son wannan fanni, kuma ina fatan wata rana littafin nan ya kai hannunsu, ko ma su da kansu su zo su zauna a tabarma.

Da sassafe Malam da mai gyaran inji da Bafillacen suka tafi gidan saurayin da ya yi fushi. Na bi su, na tsaya daga nesa. Ya daɗe bai fito ba. Da ya fito, ya ce gonar da aka cinye masa bara da ita ya shirya aure, har yanzu maganar tana rataye. Mai gyaran inji ya ba shi labarin gonar wansa. Malam ya tambaye shi ko zai zo wata rana ya nuna musu yadda abin ya kasance, don akwai abin da suka rasa a zagayen manomi. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, amma ya raka su har bakin hanya.

Da hantsi aka koma aji, domin a daren suna da wasa a wani ƙauyen ta wajen Miga. Telar ce ta fara magana, kuma ba ta sassauta ba.

"Malam, tun makon farko na ce muku akwai zagaye na huɗu. Kuka ce lokaci ba zai isa ba."

"Kin faɗa. Mu ne ba mu ji ba."

Aka yarda a rage na masunci, a buɗe na mata. Sai gardama ta tashi a kan yadda za a yi, tunda matan gida uku ake bukata, su kuwa biyu ne. Mai cajin waya ya ce ɗaya cikin maza ya ɗaura zane irin na tashe, telar ta ce jama'a dariya za su yi, wannan kuwa ba wurin dariya ba ne. Ma'aikaciyar asibitin ta ce a bar murhu na uku babu kowa, a kowane gari a roƙi wata daga cikin matan wurin ta zo ta zauna, ta faɗi nata da bakinta. Malam ya ce idan ba wadda ta taso fa? Ta ce to sai a gani, ai kujerar ma ba a zauna ba.

Aka aiki autan aron tukwane uku da duwatsun murhu. Telar ta ce wa mazan su ɗauki kara su tsaya a baya, a wannan sashen aikinsu ke nan. Mijinta ya tambaya ko zai yi kiɗa a wurin, ta ce ya dakata sai ta ji irin ƙarar da tukwanen za su yi tukuna.